Daga Bilbis zuwa Bungudu: Abin da Murfin Injin Babur ke Nuna wa Matafiyi

Wanda ya taso daga Funtuwa ya nufi Gusau, da zarar ya wuce 'Yankara ya yi sallama da ƙasar Katsina, sai Wanzamai ta karɓe shi a ƙasar Zamfara. Daga nan har Tsafe kwalta ɗaya ce miƙaƙƙiya, amma hanyoyin ƙasa da ke ɓallewa daga jikinta dama da hagu sun fi a ƙirga, kuma su ne ke kai mutum garuruwa da ƙauyukan gundumar Bilbis da na maƙwabtanta. Mota takan tsaya a bakin kwalta, abin da ke shiga ciki babur ne. Shi ya sa a kowace mararraba za ka tarar da 'yan kabu-kabu sun jeru a inuwar darbejiya, kowa bisa abin hawansa, ana jiran fasinja ko buhu. Babur ɗaya yakan ɗauki buhun masara biyu da mai su, ko mace da goyonta da yara biyu, ko akuya a ɗaure da jarkoki a gefe. Idon baƙo kan tafi ne kan kayan da aka lafta. Ni kuwa shawarata ga matafiyi ita ce ya sauke idonsa ƙasa, daidai inda ƙafar mai tuƙi take, ya dubi murafun nan biyu da suka rufe cikin injin hagu da dama. Wani murfin ya yi baƙi ƙirin, mai da ƙura sun cakuɗe sun daskare a kansa. Wani ya yi furu-furu, fentin kamfani ya ɓare, wani farin gari kamar kanwa ya feso a jikinsa. Wani kuma, ko da babur ɗin ya kwana biyu, murfinsa tsaf yake, an wanke, an sake masa fenti ruwan azurfa ko baƙi. Mai na ukun nan ba ɗan gayu ba ne kawai. A ganina shi ne ya fahimci halin da ƙasar nan take ciki, domin a yau kula da babur a ƙofar gida, tun daga juyen baƙin mai har zuwa fentin murfi, ya zama wajibi ga mutumin karkarar Tsafe.

Ba sabon abu ake nema daga gare shi ba. Kafin babur, jaki ne ke wannan aiki, kuma ba a taɓa jin mai jaki ya kora shi wani gari don a duba masa kofato ko a gyara masa akumari ba. Shi ke lura da inda mangala ta goge baya, shi ke ba da dusa da kanwa, ɗansa na kallo yana koyo. Da ƙarfe ya maye gurbin dabba sai wannan kulawa ta fita daga gida ta koma gareji, aka ɗauka inji wani sirri ne da sai bakanike. A shekarun 1970, lokacin da Honda da Yamaha da Suzuki da Vespa suke hannun malaman makaranta da ma'aikatan En'e, wannan tunani yana da hujja, domin masu babur 'yan kaɗan ne kuma galibinsu a gari suke, kusa da mai gyara. Daga baya baburan Sin irin su Jincheng suka cika kasuwa da araha, sannan Boxer na kamfanin Bajaj da baburan TVS suka zo daga Indiya, Honda kuma ta fito da ACE a 2011 daga masana'antarta ta Ota a jihar Ogun. Babur ya shiga kowane lungu, amma masu gyara ba su bi shi can da yawan da ya kamata ba. Abin lura shi ne waɗannan injuna an ƙera su ne don irin wannan ƙasa: silinda ɗaya, iska ke sanyaya ta, babu tankin ruwa, babu kwamfuta, fetur na bi ta kafireta, girmansu cc 100 zuwa 125. Sifana uku ko huɗu, da sukundireba, da filaya, da abin kwance fulogi sun isa yawancin hidimar yau da gobe.

Dalilin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa kuwa kowa a nan ya san shi. Tsafe na cikin ƙananan hukumomin da ta'asar 'yan bindiga ta fi addaba, kuma wannan titi na Funtuwa zuwa Gusau ya sha ganin tare hanya. A watan Mayun 2019 rundunar sojan ƙasa ta haramta hawa babur a dazuzzuka da lungunan jihohi bakwai na arewa, har da Zamfara. A ƙarshen Agusta da farkon Satumbar 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da fetur a jarka, ta taƙaita zirga-zirgar babura da dare, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar. Ko me mutum zai ce game da amfanin waɗannan matakai, a watannin nan wanda bai iya share fuloginsa da kansa ba ya ga ta kansa, domin babu kasuwar da zai sami mai gyara, babu wayar da zai kira shi. Sai kuma 29 ga Mayun 2023, ranar da aka cire tallafin mai: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, a 2024 ta wuce 1,000. Darajar naira ta faɗi, sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya, kayan gyara suka bi sahu. Manomin da a da yakan sayar da babur ya canza sabo bayan kaka biyu, yanzu dole wanda ke hannunsa ya kai shi shekaru. Kuma wannan babur ɗin ne zai kai mai naƙuda babban asibitin Tsafe, shi ne zai fitar da iyali idan an ce ga su nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle tafiyar da ba a san ranarta ba.

Abin da ke kashe inji a wannan ƙasa ƙura ce kafin komai. Daga Nuwamba zuwa Maris hazo na sauka, hanyoyin ƙasa sun bushe, kowane babur na tafiya cikin ƙurar na gabansa. Ƙurar nan yashi ne lallausa, idan ya shiga silinda yana aikin sanfefa a jikin fistin da zobbansa, har ranar da salansa za ta fara fitar da shuɗin hayaƙi, mai ya dinga ƙarewa ba tare da an ga inda yake zuba ba. Abin da ke tsakanin injin da wannan ɓarna abin tace iska ne guda, na soso ko na takarda, a cikin akwatin iska, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Wasu ma cire shi suke yi, wai don babur ya ƙara gudu, alhali sun buɗe wa yashi ƙofa. Idan na soso ne, a wanke shi da kalanzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a bari ya bushe, a ɗiga masa baƙin mai kaɗan a mutsuke har ya game. Man nan ne ke kama ƙurar. Idan na takarda ne ba a wanke shi, kakkaɓewa ake yi, in ya toshe a canza. Juye kuwa ana yin sa ne injin na da ɗumi, don tsohon man ya gangaro da dattinsa. Noti ɗaya ne a ƙasa, man da injin ke ci kimanin lita ɗaya ne, kuma a jikin murfin zuba mai akwai tsinken awo mai alama biyu da ke nuna ko ya isa. Ba kowane mai ya dace ba, domin a babur mai guda ne ke wanke inji da giya da kuloci gaba ɗaya. Wanda aka yi don mota zai iya sa kuloci ya dinga sulɓewa. A nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikin robarsa, mai kauri irin 20W-50 da ke jure zafin bazara. Littafin kamfani na ƙidaya juye da kilomita, amma agogon galibin baburan karkara ya daɗe da mutuwa, saboda haka gara mutum ya ƙidaya da makonni gwargwadon aikinsa, kamar yadda 'yan kabu-kabu masu wuni a hanya ke yi duk mako ɗaya ko biyu. Sarƙa na son wasa kamar faɗin yatsu biyu a tsakiyarta. In ta yi sako-sako ta faɗi a rami, in ta yi tsauri ta cinye haƙoran da take hawa. Fulogi kuma shi ne mai ba da rahoto: bakinsa in ya yi ruwan ƙasa lafiya lau, in ya yi baƙin toka injin na shan fetur fiye da iska, in ya jiƙe da mai zobba sun gaji, in ya yi fari fat zafi ya yi yawa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ya fi gyaran garma wuya.

Shiga garin Tsafe na ƙara wa matafiyi wata hujja. Gari ne na masarauta, sarkinsa na riƙe da sarautar 'Yandoto, sunan tsohuwar cibiyar malamai da ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa tun kafin jihadi, kuma layin dogo da ya taso daga Zariya ya isa Ƙauran Namoda a 1929 ya ratsa ta nan. Amma abin da ya shafi mai babur yana bakin titi: teburan 'yan bumburutu da kwalaben fetur jere a rana, da baƙin mai da ake aunawa daga durom ko jarkar da ba ta da suna. Mutumin ƙauye ba shi da zaɓi, gidan mai ya yi masa nisa, a nan zai saya. Fetur da ya bi ta jarka da mazurari da kwalba yakan taho da ruwa da laka, su kwanta a ƙasan kafireta, ranar da ake sauri babur ya fara shaƙewa. Akwai ɗan sukuru a gindin kafireta da aka yi shi musamman don zubar da wannan gurɓata, aikin minti biyu ne, amma masu babur da yawa ba su san da shi ba. Wanda ke yin juye da hannunsa kuma shi ke sayen mansa a rufe, ya ga hatiminsa, ya ga kalar wanda ya fito, ya shafa a yatsa ya ji ko akwai ɓurɓushin ƙarfe. Wanda ya miƙa babur ya tafi cin kasuwa, abin da aka gaya masa kawai ya sani.

Za a ce to an yarda da juye da soso, amma fenti fa? Mutumin da ke neman na dawa ina ruwansa da ƙyallin murfi? Wannan ita ce sukar da ta fi saurin zuwa baki, kuma ita ce ta fi rauni. Murafun nan na alminiyom ne, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Ba ya jan tsatsa kamar baƙin ƙarfe, amma idan rufin da kamfani ya yi masa ya goge, sai gishiri da danshi su fara cin sa, farin garin nan ya fito, a hankali ya zama ƙananan ramuka. A nan kuwa abin da zai goge shi da abin da zai ci shi duk suna tare: takalmin mai tuƙi na gugar sa kullum, buhun takin zamani na zubar masa da gari, fitsarin dabbar da aka ɗauko na gangarowa, taɓon damina na kwana a kansa. Ramin da ya kai bakin murfi, inda gaskit ke zama, ya zama yoyo. To amma babban amfanin fenti ba ma a kariyar yake ba. Ba a fenti a kan maiƙo, dole sai an wanke injin tas, kuma injin da aka wanke ba ya ɓoye ciwonsa. Ɗigon mai ɗaya a kan murfi mai tsabta yana bayyana washegari, a gane ko daga bakin gaskit yake, ko daga inda ƙarfen giya ya fito, ko daga sandar kik. A kan murfin da ya yi shekara cikin baƙin danƙo kuwa, rabin lita zai tsiyaye ba wanda ya lura, kuma injin da ke cin lita ɗaya idan ya rasa rabi saura ƙiris ya buga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya share ɗakin. Kuɗin gwangwanin fenti ɗaya bai kai kusa da kuɗin fistin da zobba da aikin gyaran silinda ba, don haka a nan kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da riba.

Sai dai a yi shi yadda ya kamata, domin fentin da aka yi da gaggawa mako biyu ne ya fara ɓarewa. Ragowar fentin ƙofa ko na taga bai dace ba: murfi na ɗaukar zafin man da ke ciki, wanda kan kai kusan digiri 100, sai irin wannan fenti ya yi laushi, ɗigon fetur kuma ya narkar da shi. Na feshi mai jure zafi ake nema, wanda aka yi don inji, kuma an fi samun sa a Gusau. Kashi mafi yawa na aikin shiri ne. A wanke da kalanzir da tsohon buroshi, a bi da omo da ruwa har maiƙo ya fita, a goge da sanfefa mai ɗan kaushi a cire tsohon fenti da farin garin nan, a bi da mai laushi irin lamba 400 zuwa 600 ana jiƙa ta da ruwa, sannan a share da tina, daga nan kada hannu ya sake taɓawa. Alminiyom ba ya riƙe fenti kai tsaye, yana son shimfiɗar farko ta musamman mai kama jikinsa. Feshin kansa daga nesa ake yi, kamar santimita 20 zuwa 25, a wuce sau ɗaya da sauƙi, a jira minti goma, a sake, har sau uku; wanda ya so ya rufe a tashi ɗaya zai ga fenti na hawaye. A zaɓi safiyar da babu iska, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, kada a yi ranar hazo ko ranar da hadari ya haɗu, a kuma bar shi ya kwana kafin a tada injin, zafin tafiya ne zai ƙarasa gasa shi. Mai farawa bai kamata ya kwance murfin dama ba, domin bayansa kuloci ne da mai, kuma in an buɗe sai an sa sabon gaskit. Ya lulluɓe sauran injin da jarida da salatif ya fesa a inda yake. Wanda hannunsa ya faɗa har ya kwance, ya tuna ƙusoshin ba tsawonsu ɗaya ba ne. Ya zana siffar murfin a kwali ya soke kowace a mazauninta, kada ya fesa bakin da gaskit ke zama, in ya zo ɗaurewa ya bi su a gicciye kaɗan-kaɗan. A injuna da yawa matatar mai tana bayan wannan murfi, sai ya haɗa da share ta. Haƙarƙarin silinda kuwa, tsagin nan da iska ke bi ta sanyaya injin, wanki suke so, ba a lafta masu fenti.

Tsakanin Tsafe da Gusau tafiyar kimanin kilomita 50 ce, kuma a kan hanya dutsen Kwatarkwashi na tsaye a gefe, garin na kwance a gindinsa, ƙasar ƙaramar hukumar Bungudu ke nan. Daga nan garejoji ke fara yawaita, kuma kowane bakanike a wannan tsakani yana da labarin babur da aka turo masa bayan mai shi ya yi gyaran gangar Auzinawa. Cewa mai babur zai ɓata abinsa da hannunsa suka ce mai nauyi, ba na kuma raina ta. Notin juye da aka ɗaure da ƙarfin tsiya yakan cinye zaren alminiyom, abin da zai ci naira kaɗan ya koma aikin walda ko canjin gangar inji. Fulogin da aka tura a karkace yakan lalata kan silinda. Amsar dai ita ce a san iyaka. Wanki, juye, soso, fulogi, sarƙa, iskar taya, daidaita birki da wayar kuloci, da fenti, na mai babur ne. Saitin bawul, wanda tazararsa ba ta kai kaurin takarda ba kuma sai da ma'auni da inji mai sanyi, da buɗe kan silinda, da raba gangar inji, da cikin giya, da wayoyin wuta idan sun rikice, na bakanike ne. Kuskuren masu koyo kusan iri ɗaya ne, yawan ƙarfi da rashin lura da yadda aka kwance abu, kuma duka biyun ana magance su da a tsaya a gaban wanda ya iya sau biyu ko uku ana kallo.

A Gusau, babban birnin jihar tun da aka ƙirƙiro ta ranar 1 ga Oktoban 1996, nan ne shagunan kayan gyara suke, kayan da ke tahowa daga Kano da Legas da Nnewi ta jihar Anambra, wadda ta shahara da cinikin sassan babur a Najeriya. A nan ne kuma za a ji suka ta uku, cewa koya wa kowa gyaran gida cire wa masu gareji abinci ne daga baki. Gaskiya ne kuɗin juye da na share fulogi za su ragu, kuma yaran shago ne za su fi jin wannan, bai kamata a ɓoye ba. Amma sana'ar bakanike ba a juye take ba, tana wurin kunnen da ke jin ƙarar inji ya ce ga abin da ke damun sa. Mai babur da ya san abinsa yakan zo da wuri, da ƙaramar matsala da bayanin da ya dace, ya biya kuɗin aiki ba tare da zargin an cuce shi ba, domin ya san abin da aka yi. Wanda bai sani ba sai injin ya buga yake zuwa, lokacin da kuɗin gyara ya fi ƙarfinsa, babur ya ƙare jingine a bayan gareji, ba mai shi ya amfana ba, ba mai gyara ba. Kuma a kasuwar da sashe ɗaya ke da na asali da mai bi masa da na jabu, duk a kwali mai kama ɗaya, mai sayen da ya taɓa riƙe tsohon a hannunsa ya fi wuyar yaudara.

Akwai wata suka da ta fi dacewa da Zamfara, kuma fuska biyu gare ta. Ta farko, fenti na iya zama mayafin ɓarawo da na dillalin da ya liƙe tsagaggen murfi da gam ya fesa a kai. A ƙasar da babur ya zama abin hawan 'yan bindiga, har a watan Yulin 2022 ministan shari'a na lokacin, Abubakar Malami, ya ce gwamnatin tarayya na duba yiwuwar haramta shi a ƙasa baki ɗaya, ba abin mamaki ba ne jami'in tsaro ya yi wa sabon fenti kallon tuhuma. Amma shaidar babur ba kalar murfinsa ba ce. Lambar inji a jikin gangar injin aka buga ta, lambar gangar jiki kuma a wuyan babur, mai gaskiya ya manna masu salatif kafin feshi su fito fes, ya riƙe takardunsa a aljihu. Mai saye kuma ya ƙwanƙwasa murfin, ya duba gefensa, ya bar injin ya yi zafi ya ga ko zai yi gumi. Fuska ta biyu ta fi ciwo: wani zai ce gara babur ya zauna da dauɗarsa, kada ƙyalli ya jawo idon masu ƙwace. Wanda ke zaune inda ake ƙwace ya fi kowa sanin abin da yake tsoro, ba kuma zan ce masa tsoron banza ba ne. Abin da zan ce shi ne tsabta daban, ƙyalli daban. Baƙin fenti marar sheƙi na kare ƙarfe yana kuma nuna yoyo ba tare da ya ɗauki ido ba. Kuma haɗarin babur mai kyau bai kai na babur da ya mutu a tsakiyar daji da la'asar sakaliya ba.

Abin da ya fi damuna a duk wannan magana shi ne guba, domin Zamfara ta riga ta ga abin da ke faruwa idan aka shigo da aikin waje tsakar gida. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega, inda ake daka da niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu, ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar waɗanda suka tsira. Gyaran babur bai kai wannan ba, amma hanyar ɗaya ce. Tsofaffin fentin mai da yawa, musamman ja da rawaya, na ɗauke da dalma, batir cike yake da ita, ƙurar sanfefa kuma a ƙasa take sauka inda yaro ke rarrafe yana kai hannu baki. Saboda haka in an ce gyaran gida, ƙofar gida ake nufi ko gindin bishiya a waje, nesa da murhu da rijiya da turken awaki. A jiƙa sanfefa don ƙura kada ta tashi, a shimfiɗa buhu a tattara dattin, a rufe hanci wajen feshi, a wanke hannu kafin a taɓa tuwo. Tsohon baƙin mai a zuba shi a jarka a rufe. Ba maganin ƙazuwa ba ne, ba na gyambon dabba ba ne, ko da an saba shafawa. Fetur da tina kuma kada su kwana a ɗakin da ake kwana.

Bungudu na gaban Gusau da kimanin kilomita 20 a hanyar Sakkwato, a bakin gulbin Sakkwato, inda fadamu ke ciyar da masu noman rani. Inda duk gulbi ya kusanci hanya samari kan gangara da babura su wanke, kuma niyyar mai kyau ce, illa dai ruwan sanyi a kan inji mai zafi na iya tsaga ƙarfe, maiƙon da aka wanke kuma yana bin ruwan da ake ban-ruwa da shi ake shayar da dabbobi. Bokiti ɗaya a tudu ya wadatar. Irin wannan ƙaramin sani ne ya yi ƙaranci daga nan har Bilbis, ba ƙwazo ba. Littafin da ke zuwa da sabon babur da Turanci yake, galibi ma ba ya isa hannun mai saye. Kamfanoni da dillalan da ke cin kasuwar arewa su buga shi da Hausa, boko da ajami, da hotuna. Ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu na Tsafe da Gusau da Bungudu su ware yini ɗaya a wata, su gayyaci bakanike su biya shi ya nuna wa sababbi. Kwalejojin fasaha na Ƙauran Namoda da Talata Mafara na da malamai da ɗalibai da za su iya tsara darasin da gidajen rediyo za su watsa. Kai kuma mai babur, kada ka jira su. Wanke injin a wannan mako, ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashinsa ya kwana, da safe ka duba inda ya ɗiga.